Cigiyar Goggo

Ni na fara kai wa Goggo labarin intanet, kuma da bakina na jawo wa kaina aikin da ya bi ni har furfura ta fito mini. Goggo yayar mahaifina ce. A Kabo aka haife ta, a gidanmu na malamai, aure ya kai ta Kutama, can kuma ta ci gaba da zama bayan rasuwar mijinta, tana kiwon awaki tana yin daddawa. Sunan kakana aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce Babana.

A lokacin ina koyarwa a Islamiyyar mahaifina, ina kuma neman hanyar ƙaro karatu. Sai wani dattijo a Gwarzo, wanda ya yi ritaya daga buga tafireta a sakatariya, ya buɗe shago kusa da tasha. Ya kafa farantin kama intanet a bayan shagon, ya jera kwamfutocin gwanjo a kan wani dogon tebur, injin wuta yana ta ƙugi a waje. Shi ya buɗe mini akwatin imel na farko, shi ya koya mini riƙe linzamin kwamfuta ba tare da na danne shi kamar zan kashe kunama ba.

A wancan zamanin shafi guda ne ƙofar kowa, ta nan ake shiga intanet. Yakan sauko a hankali daga saman allo, layi bayan layi, har mutum ya iya fita ya sayo rake ya dawo bai gama ba. Idan ya kammala sai ka ga jerin fannoni: ilimi, lafiya, addini, wasanni, ƙasashe. Ka danna ɗaya ya kai ka ƙananan rassa, su ma su kai ka wasu. Mai shagon ya ce wasu ɗalibai ne a ƙasar waje suka fara shi, suna tara adireshin wuraren da suka burge su, kuma har a lokacin mutane ne suke zaune suna duba kowane shafi suna ajiye shi inda ya dace, kamar yadda ake raba rumfuna a kasuwa. A can sama kuma akwai wani ɗan gurbi fari siriri, inda za ka rubuta abin da kake nema ya nemo maka.

Ranar da na je Kutama gaishe ta, muna gama gaisawa na fara zuba. Na ce an zo da wani abu a Gwarzo wanda duk abin da ka tambaye shi a duniya sai ya nemo maka. Tana tsince kalwa a faifai, ba ta ko ɗago kai ba. Can sai hannunta ya tsaya.

“Har mutum, Babana?”

Na ce ai ina jin har mutum. Sai da maganar ta fita na tuna wa take nufi.

Su uku ne a ɗakinsu: ita, mahaifina, sai autansu. Autan yana goye mahaifiyarsu ta rasu, Goggo ce ta ƙarasa goyonsa tun ita kanta ba ta gama girma ba. Da ya tasa bai bi karatu irin na gidan ba, ya koyi ɗinki. Kafin a haife ni ya kwance kan keken ɗinkinsa, ya naɗe a bargo, ya ce zai yi gabas, yana ɗinki yana matsawa har ya kai Makka, yadda mutane da yawa suke yi a da. Saƙonsa ya zo ta bakin matafiya a shekarun farko, daga baya shiru. Goggo ta yi cigiyarsa a gidan rediyo, ta yi a bakin duk alhajin da ya dawo, ta yi a wurin direbobin manyan motoci. Mahaifina ya daɗe da miƙa lamarin ga Allah. Ita kuwa a wurinta ƙaninta tafiya ya yi, bai dawo ba tukuna.

Ranar kasuwar Gwarzo da ta biyo baya, sai ga ta a ƙofar shagon da babban mayafinta da ƙullin goro a hannu. Samarin da ke ciki suka gyara zama, wasu suka rufe abin da suke kallo. Ta gaisa da mai shagon gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyalinsa, da sana'a, da damina, sannan ta zauna kusa da ni ta dubi allon, ta tambaye ni wa za ta gaisar a nan. Na ce babu kowa, rubutawa kawai ake yi. Ta ce to in fara da sallama, ba a faɗa wa mutane da buƙata haka kawai. Na rubuta sallamar, don na san ba za mu wuce wurin ba sai na rubuta.

Na sa sunansa da na mahaifinsa da garinmu, na kai hannu zan danna. Ta riƙe ni. Ta ce wane irin mai cigiya ne zai tsaya a suna, alhali masu irin sunan sun cika duniya, kuma mutum idan ya yi nisa da gida yakan samu wani sunan. Kamanni ake faɗa. Sai ta fara jerowa, ni kuma ina fama da madannai: dogo ne amma yana ɗan duƙawa, yana da wushirya, bahago ne, da hagu yake riƙe almakashi. Idan ransa ya ɓaci in'ina takan kama shi. A ƙwaurinsa na dama akwai tabon ƙuna, na kunun da ya kuɓuce mata ya zube masa yana rarrafe. Wannan na ƙarshe a hankali ta faɗe shi, ba ta dube ni ba.

Gurbin bai ma ɗauke duka ba. Na juya abin da ya samu zuwa Turanci na danna. Muka jira, muka jira. Abin da ya fito shi ne masu sayar da keken ɗinki a wata ƙasa, da wani asibitin haƙori, da kamfanin jirgin alhazai. Kunya ta kama ni, na ce Goggo ba a samu ba.

Ko a jikinta. Ta ce ni fa yarinta tana damuna, ina aka taɓa yin cigiya da safe a kawo amsa da hantsi? An dai sanar da shi, sai a ba shi lokaci ya bincika. Ta miƙa wa mai shagon goron ta ce a ba wa mai neman. Dattijon ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya cinye abinsa bayan ta fita.

A hanyarmu ta zuwa tasha na yi mata bayani iya iyawata. Na ce wannan abin ba ya riƙe magana, da ka tashi ya manta da kai, ba ya ci gaba da nema a bayan idonka. Na maimaita mata wannan bayanin a shekarun da suka biyo baya har na gaji. Amsarta ɗaya ce kullum: ba ni na ce mutane ne suke zaune suna jera abubuwan ba? To duk mutumin da aka ba wa cigiya ya amsa, ta zama nauyi a wuyansa, ko yana cin tuwo tana ransa. Haka aka san cigiya tun kaka da kakanni, kuma ba ta ga dalilin da mutanen wata ƙasa za su bambanta ba.

Daga nan maganar ta shiga cikin gaisuwarmu. Ina kwana, ina gajiya, yaya Malam, yaya yara, yaya makaranta, sai kuma, yaya mai cigiyarmu? Ni kuwa ba na son in ce mata shiru ne alhali ban duba ba. Don haka duk lokacin da na shiga Gwarzo, kafin in buɗe imel, sai in rubuta sunan baffan da ban taɓa gani ba, in danna, in duba. Ta haka na zama shaida a kan rayuwar shafin nan, domin tambayata ba ta sauya ba, shi ne yake ta sauyawa a gabana.

Da farko girma ya riƙa yi. Yau ka zo ka ga an ƙara labaran duniya a gefe, gobe yanayin sama na garuruwan da ba mu san su ba, jibi sakamakon ƙwallo, sai wurin hira da wurin saye da sayarwa. Jerin fannonin nan da ya fara burge ni aka yi ta tura shi ƙasa, sai ka gangara kafin ka gan shi. Na ji an ce shafukan duniya sun yi yawan da hannun mutum ba zai iya jera su ba, na'ura ce yanzu take yawo tana tattarowa. Na kai wa Goggo wannan labari ina ganin na samu hujja. Ta ce to madalla, aiki ya yi masa yawa ya ɗauki masu taimako.

Cikin abubuwan da aka ƙara akwai wanda ya yi mana rana. An buɗe wasu majalisu, inda mutane masu sha'ani ɗaya suke haɗuwa, wanda ya rubuta saƙo ya isa ga kowa. Na samu wata ta Hausawa mazauna ƙasashen waje, malaman jami'a da likitoci da 'yan kasuwa, suna ta musu a kan siyasa da ganin wata. A nan na zuba cigiyar Goggo gaba ɗayanta, da sallamar da wushiryar da tabon, ban rage komai ba. A karon farko na ji cewa abin da take zaton ana yi, yanzu ne ake yin sa da gaske. Amsoshi suka zo da yawa, mafi yawansu addu'a. Sai wani bawan Allah, haifaffen Sudan da yake aiki a wata ƙasar Larabawa, ya ce a garuruwansu na bakin kogi akwai tsofaffin teloli daga ƙasar Kano waɗanda hanyar Makka ta tsaya musu a nan. Ya ce idan ya je hutu zai tambaya a masallatai.

Ya cika alkawari. Bayan wata damina ya aiko da hoton wani tsohon tela. Ina zaune a shagon hoton ya fara saukowa daga sama: hula, goshi, idanu, sai baki a buɗe da wushirya. Mai shagon ya buga mini shi a takarda, ban koma Kabo ba, na ɗauki hanyar Kutama a kan babur.

Goggo ta wanke hannu kafin ta karɓa. Ta fito da shi haske, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce ba shi ba ne. Ban ga ta yi shakka ba ko kaɗan. Ta ci gaba da kallon hoton, ta tambaye ni shi wannan ɗin ɗan ina ne. Na ce an ambaci wani ƙauye da ke gaba da mu ta wajen Katsina. Ta ce to shi ma yana da masu jiransa.

Ta ba da shi ga matan da suke sarar daddawarta suna kaiwa kasuwannin wajen can. Hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ya sha manja ya sha gumi, har ya faɗa hannun wata tsohuwa da ta gane yayanta. Danginta suka zo Kutama su da yawa, da zakara da ƙwaryar gero, suna kuka suna godiya. Goggo ta yi musu tuwo, ta zauna ta ji labarin nasu tun daga farko, ta raka su har bakin hanya. Da ta dawo ta zauna a ƙofar ɗakinta, ba ta taɓa nata tuwon ba.

Na ji haushi ranar, ban kuma ɓoye ba. Na ce wannan wane irin abu ne, ita ta yi wahala wasu suka samu nasu. Ta ce in yi istigfari. Ta ce ai yanzu ma ta ƙara tabbata mai cigiyar yana aiki, tun da har ya kai ga layin teloli.

Shekaru suka ja. Wani sabon shafin nema ya fito, fari fat, babu labarai babu talla a fuskarsa, yana da sauri kuma ya fi dacewa da abin da ka tambaya. Samarin shagon duk suka koma can. Ni ma na koma don harkokina, na kuma gwada sunan baffa a can, shi ma bai san shi ba. Da na ba ta shawarar mu mayar da cigiyar wurin sabon, ta ce in faɗa masa ba laifi, amma ba za a ƙwace daga hannun na farko ba, tun da bai ce ya gaji ba. Tsohon shafin kuwa ya cika da tallace-tallace da hotunan mawaƙa, har nakan sa hannu in kare rabin allon idan wani dattijo yana kusa. Jerin fannonin ya ɓace gaba ɗaya. Sai waya mai intanet ta shigo aljihun kowa, mai shagon ya sayar da kwamfutocinsa, wurin ya koma na cajin waya. Nakan ji a labarai an sayar da kamfanin shafin, an kuma sake sayar da shi.

A gida kuma mahaifina ya fara magana. Ya ce shekarun da malamai suka ɗibar wa wanda ya ɓata sun cika, sa'o'in autan duk sun tsufa, da yawa sun rasu. Ya kamata a tara jama'a a yi masa addu'a da sadaka, a yi zaman gaisuwa kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, domin shi ma haƙƙinsa ne. Yayarsa ce, ba ya ɗaga mata murya, sai dai ya bi ta da nassi a hankali. Ta saurare shi har ya gama, ta ce addu'a kullum tana yi, amma ba za ta zauna a tabarma a yi mata gaisuwar mutumin da cigiyarsa take waje ba. Idan ana cikin zaman aka zo da labari fa? Mahaifina ya dube ni, irin kallon da ke cewa kai ka ja mana. Na sunkuyar da kai.

Wata rana na buɗe imel a wayata na tarar da sanarwa cewa za a rufe majalisun nan, duk abin da ke cikinsu za a share. Tamu dama ta daɗe da yin tsit, mutanenta sun watse zuwa wasu wuraren. Na faɗa mata yadda abin yake. Ta tambaya ko mai cigiyar ne ya rasu. Na ce yana nan, amma ba kamar da ba, yawanci labarai da saƙonni kawai yake kaiwa, ko neman ma an ce wasu ne suke yi masa. Ta girgiza kai cikin tausayi ta ce tsufa ne, ita ma yanzu sai an ɗora mata tukunya.

Da ƙafafunta suka ƙi, muka ɗauko ta daga Kutama muka dawo da ita Kabo, ɗakin da ke kusa da na mahaifiyata. Ba ciwo ne mai zafi ba, ƙarfi ne yake zarewa a hankali. Kullum idan na taso daga makaranta nakan shiga mu gaisa, takan kuma yi tambayarta, ni kuma in ba ta amsar da ta saba ji.

Ran nan bayan la'asar ta sa aka kira ni, aka kira mahaifina. Tana jingine da bango, an sa mata matashi a baya. Ta tambaye ni ko mai cigiyar yana cikin wayar nan tawa, ko sai an je Gwarzo. Na ce yana ciki.

“To buɗe shi, Babana. Ka ce masa na janye.”

Na tsaya ina kallonta. Ta ce ta yi tunani, ita tafiya ta matso mata, kuma ba daidai ba ne ta tafi ta bar bawan Allah da nauyi a wuya, yana ta nema babu wanda zai kawo wa amsa. Wanda ya ba da cigiya shi yake janye ta, ba a bar wa magada. Ta ce in yi masa godiya sosai, in ce ya yi iya ƙoƙarinsa, ba ta riƙe shi da komai ba.

Bakina ya buɗe zan sake yin bayanin nan nawa, sai na rufe shi. Na buɗe shafin. Yanzu nan take yake fitowa, da hotuna da labaran da ba su dame mu ba, gurbin nan fari yana sama inda yake. Na rubuta sallama. Na rubuta cewa an janye cigiya, mun gode, Allah ya saka da alheri. Na danna, ya jero mini abubuwa barkatai yadda ya saba. Ta tambaya ko saƙon ya shiga, na ce ya shiga.

Ta lumshe ido ta sauke numfashi. Sannan ta juya wajen ƙaninta.

“Malam, sai ka sanar da mutane.”

Mahaifina ya yi shekara da shekaru yana neman wannan izinin. Ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska, ya fita.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida da tsakar gida. Malamai suka zo, ɗalibai suka yi sauka, aka dama gumba aka raba. Mutanen Kutama suka cika mota, har da 'ya'yan tsohuwar nan da aka samo wa yayanta. Goggo ta ce a fito da ita, aka zaunar da ita a tsakiyar mata da carbinta. Na shigo da wasu baƙi na same ta tana kuka a hankali, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba. Tun da nake ban taɓa ganin ta yi kukan autan ba, kuma ni ma a nan nawa ya zo.

Yawancin matan unguwa ba su san shi ba, wasu ko labarinsa ba su taɓa ji ba. Wata amaryar maƙwabta ta durƙusa a gabanta ta yi mata gaisuwa, ta yi addu'a, sannan ta tambaya cikin ladabi yaushe aka yi rasuwar.

Goggo ta ce, “Jiya, bayan la'asar.”